Ƙarnin Kifi a Gidan Biji

Junmoni tana tsugune a madafa tana murza gurasar rana, hannuwanta duk gari, lokacin da mai kawo saƙo ya yi sallama da ƙunshi daga Assam, jiharta ta haihuwa. Wata bakwai ke nan da kawo ta wannan gida a ƙauyen mijinta kusa da Tarn Taran a jihar Punjab, amma har yau gurasarta ba ta fitowa zagayayya. Surukarta Nasib Kaur, wadda duk unguwa ke kira Biji, takan ɗaga ta sama ta juya ta, ta ajiye ta kau da kai. Wannan ya fi zagi zafi.

Biji ce ta karɓi ƙunshin, ta sa wuƙa ta farke shi a tsakar gida ba ta jira mai shi ba. Ga ganyen shayi, ga farin mayafi mai jan baki da mahaifiyar Junmoni ta saƙa, ga kwalbar tohon gora da aka jiƙa ya yi tsami. Can ƙasa kuma wani abu ne naɗe cikin tsohuwar jarida. Tana warware shi ƙarni ya bugi hancinta, ta yi jifa da shi kamar ta taɓa wuta. Busassun kifaye ƙanana suka watse a daɓen da ta share da safe.

Junmoni ta fito da gudu ta durƙusa tana tsincewa, tana ba da haƙuri da guntun Punjabin da ta iya, tana cewa mahaifiyarta ba ta sani ba, su a can haka ake yi wa 'yar da ta yi nisa. Biji ta tsaya a kanta ta rufe hanci da gefen mayafi.

"Shekara ashirin da shida ko ƙwai bai tsallako ƙofar nan ba," in ji ta. "Ashe abin da ɗana ya ɗauko mini ke nan. An ce mini mai bin addinin Sikh ce irinmu, ashe suna kawai kuka ara."

Ta sa Junmoni ta kai kifin bayan gari ta zubar a juji, ta dawo ta wanke tsakar gidan da toka sau biyu. Kwalbar tohon gora ma ba ta tsira ba, ko da yake babu nama a cikinta. Biji ta ce abin da ke wari haka ba abincin mutane ba ne.

Jagroop, mijin Junmoni, direban babbar mota ne da ke kai kaya daga Amritsar har gabashin ƙasa. Shekara biyu da suka wuce motarsa ta lalace kusa da Nagaon a jihar Assam a tsakiyar damina, ya shiga wani ƙauye neman makaniki, sai ya ci karo da gurdwara, ɗakin ibadar Sikh, da dattawa masu rawani suna magana da harshen da ba ya ji. Bhupen Singh, mahaifin Junmoni, shi ya sauke shi kwana biyar. A gidan ya fara cin shinkafa da miyar kifi mai tsami, a gidan kuma ya ga yarinyar da ke zuba masa tana danne dariya saboda yadda yake fama da ƙaya. Daga nan duk tafiyar da ta bi ta Assam sai ya san yadda ya yi ta zama tasa. Biji ta ƙi auren shekara guda cur, sannan ta sakar masa don ta ga yana ramewa, shi kaɗai ne kuma ɗanta.

Da ya dawo daga tafiya bayan kwana huɗu, Junmoni ta ba shi labari a ɗaki tana hawaye. Ya zauna bakin gado yana warware rawaninsa, ya ce ta yi haƙuri da tsohuwa, akwai dalili. Mahaifinsa mashayi ne. Kullum da yamma sai ya aika a sayo masa naman akuya da kwalba, ya tilasta wa Biji ta soya, ya ci ya bugu, sannan ya huce a kanta. Da ciwon hanta ya kashe shi, Biji ta je ta karɓi amrit, ruwan rantsuwar addini, ta ɗauki alkawarin addini gaba ɗayansa, ta kuma rantse nama ba zai sake shiga gidanta ba. A wurinta nama da giya da duka duk abu ɗaya ne.

"To kai fa?" Junmoni ta tambaye shi. "Kazar da kake ci a gidajen abinci na bakin hanya, ita ganye ce?"

Ya yi 'yar dariya ta kunya, ya ce wannan ai a hanya ne, Biji ba ta tambaya, shi ma ba ya faɗa. Ya ce sori, ya yi alkawarin zai yi mata magana. Bai yi ba. Washegari da safe ya zauna gaban mahaifiyarsa ya cinye gurasa shida da man shanu, ya yabi miyar ganye, ya hau motarsa ya tafi.

Da sanyi ya shigo Junmoni ta sami ciki. Biji ta yi murna har ta raba alewa a unguwa, ta shiga ɗura mata madarar ɓauna da man shanu da garin almon. Amma komai ta ci sai ya dawo. Ƙamshin man shanu kaɗai ya isa ya tayar mata da zuciya. Idanunta suka faɗa, awarwaron ƙarfen da ke hannunta ya fara zamewa har kan yatsu. Abu ɗaya ranta ke so, farar shinkafa da romon kifi mai lemon tsami irin na mahaifiyarta, kuma ba ta isa ta ambata ba. Likita a asibiti ta ce jininta ya yi ƙasa, ta ci duk abin da cikinta zai karɓa.

Da suka fito daga asibitin Jagroop bai kama hanyar gida ba. Ya juya babur ɗinsa zuwa bakin kogi, inda masu suyar kifi ke jere da kaskonsu, ya sa aka dafa mata shinkafa, ya roƙi mai suya ya yi mata romo da tumatir da lemon tsami. Bai kai na gida ba, amma ta cinye tas, ta suɗe yatsu, ta zauna tana jiran amai, amai bai zo ba. Shi kuwa ya tsare ta da ido yana murmushi, ya ce ashe bebin nasu ɗan Assam ne tun daga ciki. Rabon da ta yi dariya irin ta ranar har ta manta.

Kafin su isa gida labari ya riga su. Wani maƙwabci mai sayar da taki ya hango su, matarsa kuma ba ta iya riƙe magana.

Biji ba ta ɗaga murya ba. Ta shiga madafa ta ware faranti ɗaya da kofi ɗaya ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce daga yau Junmoni ba za ta sake taɓa mata tukunya ko kwaɓin gari ba, abincinta za a miƙo mata. Jagroop ya ce shi ya kai ta, in laifi ne nasa ne. Biji ta ce shi namiji ne, an ja shi ne. Kafin ya auro 'yar masunta ai bai san hanyar bakin kogi ba.

Ya rasa yadda zai yi, sai ya tafi wurin Bhai Hazura Singh, dattijon da ke kula da gurdwaran ƙauyen, ya roƙe shi ya zo ya sa baki. Dattijon ya zo da hantsi ya zauna a gadon igiya, Junmoni tana jin su daga bayan labule. Ya ce wannan gardama ta girme su duka, akwai masu tsoron Ubangiji a kowane ɓangare. Abin da ya sani a rubutacciyar ƙa'ida shi ne an hana Sikh naman da aka yi wa yankan ibada, ba a ce ya bar nama gaba ɗaya ba, ko da yake wasu manya sun fahimci abin da tsanani fiye da haka, shi kansa kuma ba ya ci. Langar, abincin da ake dafa wa kowa a gurdwara, ba a sa masa nama ne don kowane irin mutum ya iya zama a layi ɗaya. Ya ce alkawarin Biji abu ne mai kyau, ta riƙe shi, amma ware wa mutum kofi shi ne ainihin abin da aka kafa langar don a kashe.

Biji ta saurare shi har ya gama, ta kawo masa shayi, sannan ta ce, "Bhai ji, kai ka karanta littafi. Ni kuwa na wanke aman mijina shekara goma sha ɗaya. Na san abin da nama ke jawowa gida."

Daga nan aka rufe zancen. Jagroop ya fara karɓar tafiye-tafiye masu nisa, don zaman gidan ya yi masa nauyi. Ranar da zai tafi ya ce wa Junmoni ta daure, in ta haihu komai zai wuce. Ta dube shi ta ce a gidan ubanta an ba shi faranti ɗaya da kowa, ba a tambaye shi me yake ci a garinsu ba. Ya sunkuyar da kai ya ɗauki jakarsa. Ba ta sake roƙonsa ya kai ta bakin kogi ba. Tana share gida, tana wanki, tana ba ɓauna ciyawa, tana matsa wa Biji ƙafafu in sanyin ƙashi ya motsa, don wannan ba a hana ta ba. In an miƙo mata abinci ta ci abin da ta iya.

Cikinta na wata shida mahaifinta ya zo. Duk rayuwarsa yana burin ya ga babban gurdwaran Amritsar, sai ya haɗa biyu, ya yi kwana biyu a jirgin ƙasa. Ya iso da ƙaramin rawaninsa da jakar ganyen shayi, ya haɗa hannuwa ya gaida Biji da Punjabinsa mai gargada, har matan maƙwabta da suka leƙo suka riƙa ƙyafta wa juna ido. Jagroop ba ya gari. Biji ta sa masa gadon igiya can kusa da rumfar ɓauna, ta zuba masa abinci a farantin da ta ware wa 'yarsa, ta tsiyaya masa shayi daga sama don kada bakin buta ya taɓa kofin. Ta tambaye shi a gaban mutane ko su a can suna da littafi mai tsarki ma, ko kuwa gemu kawai suke tarawa.

Tsohon ya yi murmushi ya ce suna da shi, suna karantawa gwargwadon iyawarsu. Ya cinye abincin ya yaba. Junmoni tana tsaye jikin bango, ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da ta raka shi tashar mota washegari, ya dubi wuyanta da hannuwanta ya tambaye ta da harshensu ko tana cin abinci. Ta ce tana ci, laulayi ne kawai, kowa yana kyautata mata. Ya jinjina kai kamar ya yarda. Ya ɗora hannu a kanta ya ce mace mai riƙe alkawari shekara ashirin da shida ba muguwa ba ce, wani abu ne ya ji mata ciwo, ta ci gaba da yi mata biyayya. Ya hau mota yana ɗaga mata hannu ta taga.

Bayan sati uku ƙaninta ya bugo waya da rana tsaka. Zuciya ta buga wa mahaifinsu a gonar shinkafa, kafin a kai shi asibiti ya cika.

Junmoni ta zauna a daɓen tsakar gida, wayar na hannunta, kuka ma ya ƙi zuwa sai can da yamma. Jagroop ya bar motarsa a hannun abokin aikinsa ya dawo a bas. A bakin matan unguwa ya ji yadda aka karɓi surukinsa, don ita ba ta taɓa faɗa masa ba. Ya shiga wurin mahaifiyarsa, idanunsa jajur, ya tsaya a gabanta, abin da bai taɓa yi ba.

"Biji, mutumin nan ya ba ni ɗakinsa ya kwana a baranda lokacin da bai san ko ni wane ne ba. Gobe zan kai ta gida. In ba za ki zo ki yi musu gaisuwa ba, ni ma ban san ranar dawowata ba."

Ba don ta sauko ba ne Biji ta shirya. Ta ji tsoron abin da mutane za su ce, ta kuma ji tsoron a riƙe mata ɗa a ƙasar masu cin kifi. Ta ɗaure garin alkama da wake da tukunyarta da buta a buhu, ta ce ko ruwan gidan ba za ta sha a kofinsu ba. Suka yi kwana biyu a jirgi.

Sun isa ana saura kwana biyu a kammala karatun littafi na addu'ar mamaci. Pratima Kaur, mahaifiyar Junmoni, ta rungume 'yarta suka yi kuka mai isarsu, sannan ta share ido ta kama hannun Biji ta ja ta bayan gida. A can an ɗaga wata 'yar rumfa da sabon murhu na ƙasa, ga tukwane uku sababbi ful da ludayi da faranti, takardar kasuwa ma ba a ɓare musu ba. Ga buhun garin alkama a jingine. Matar ta fara magana, da yake kuma ba ta jin Punjabi, Biji ba ta jin nasu, dole Junmoni ce za ta tsaya tsakani ta juya.

Ta riƙa juyawa jimla bayan jimla. Ta ce mahaifiyarta na cewa, da maigidan ya dawo daga Punjab bai bar zancen Biji ba. Ya ce an karrama shi, an ba shi abinci har ya kasa tashi. Ya ce surukar 'yarsu mace ce da ta yi wa Ubangiji alkawari ba ta karya ba, irinta ba su da yawa. A satin ya tafi kasuwar Nagaon ya sayo tukwanen nan da kansa, ya gina murhun da hannunsa, don yana so in an haihu ya gayyace ta, kada ta zo ta rasa inda za ta ci abinci da kwanciyar rai. Ta ce kuma a al'adar gidansu, in an gama zaman makoki akan dafa kifi a ci tare, amma dangi sun zauna sun yarda a bana za a bar shi, saboda baƙuwa.

Biji ta tsaya tana kallon murhun, inda har yanzu ana ganin sawun yatsu a jikin laka. Ta tambaya a hankali ko marigayin bai faɗi wani abu ba bayan wannan. Pratima ta ce ya ce 'yarsu ta rame, amma laulayi ne. Biji ta lallaɓa ta zauna a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe fuska. Junmoni ba ta taɓa ganin kukanta ba sai ranar.

Buhun da ta ɗauko daga Punjab ba a kwance shi ba. Da yamma Biji ta kira Junmoni ta ce ƙafafunta sun kumbura, ta dafa mata wani abu. Junmoni ta tsaya tana jiran ta ji ko ta yi kuskuren ji ne. Biji ta ce, "Ke nake nufi, 'yata. Ko me kuke dafawa a nan da babu rai a cikinsa." Ta dafa mata shinkafa da miyar gwanda ɗanya da dakakken dankali da man mustad. Biji ta ci tana yamutsa fuska, ta ce babu gishiri, amma ta cinye.

Ranar da aka kammala addu'a, bayan an ci langar an watse, Biji ta sa Junmoni ta faɗa wa dangi cewa ba za a karya al'adar mamaci saboda ita ba, a dafa kifin. Suka yi ta ƙi, ta kafe. Washegari da aka shimfiɗa tabarmi aka jera ganyen ayaba, ta ɗauko farantinta na wake ta zauna a layi tsakanin Pratima da Junmoni. Ƙarnin ya dame ta, kowa ya ga yadda take haɗiyar yawu da ƙyar, amma ba ta tashi ba, ba ta kuma rufe hanci ba. Ta dubi ganyen Junmoni ta ce wa mai rabo ya ƙara mata, mutum biyu ne ke ci.

A can Assam Junmoni ta haifi 'ya mace, Biji kuma ta zauna har aka yi arba'in kafin su koma tare. Ita dai ba ta taɓa sa nama ko kifi a bakinta ba har ta bar duniya bayan shekara tara, Junmoni kuma ba ta taɓa shigo mata da shi madafa ba, ba don an hana ta ba. In ranta ya biya, Jagroop yakan ɗauke ta da 'yarsu zuwa bakin kogi da rana tsaka a gaban kowa, Biji ta ce su gaida mai suya. Matan unguwa sun yi gulma har suka gaji. Sai dai duk shekara in ranar rasuwar Bhupen Singh ta zagayo, Biji takan tafi gurdwara tun da safe ta wuni tana wanke farantan langar, ta dawo ba ta iya cin komai. A ciwonta na ƙarshe ta ce wa Junmoni abu ɗaya ne ke ci mata rai, ta nemi gafarar kowa ta samu, ban da mutum ɗaya da ya tafi yana yabonta.

Haƙurin Junmoni ya sama mata gida da uwa, amma bai dawo mata da uba ba. Wanda ya bar wani abinci saboda Ubangijinsa, ya riƙe abinsa, babu mai ganin laifinsa. Amma kada ya ɗauki abin da ya bari ya mayar da shi sandar auna mutane, ya raina wanda ya girma da abincin wata tukunya daban. Mai yin haka yakan gane kuskurensa, sai dai sau da yawa yakan gane ne bayan wanda ya wulaƙanta ya yi nisan da ba a kai masa ban haƙuri.